Farantin da Na Ɓoye a Kan Firji

Shekarun baya, lokacin da ake gasar ƙwallon duniya a nan Doha, na kwashi iyalina muka yi kwana biyar muna bin gaɓar teku da karafan. Karafan shi ne ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota ta ja shi, da gado a ciki, da ɗan kicin, da banɗakin da idan ka shiga sai dai ka fito da baya. Duk wanda ya tambaye ni a lokacin, cewa nake yara sun gaji da zaman gida, za mu je shan iska. Ba ƙarya na yi ba, amma ba iska ce ta fitar da ni ba. Faranti ne guda ɗaya, na roba, mai ruwan ɗorawa.

Bari in koma baya kaɗan. Ni ma'aikacin jinya ne a wani asibiti. Muna zaune a unguwar Bin Mahmud, a gida mai ɗaki biyu a hawa na uku, ni da matata da 'ya'yanmu mata biyu. Babbar sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa Ummi muke ce mata. A gidan da na tashi a Zariya ba a san wani abu wai farantin wane ba. Tire ɗaya ake direwa, kowa ya wanko hannu, idan an ci an kusa ƙoshi mahaifinmu ya yayyaga nama ya miƙa wa kowa nasa. Haka na ci gaba da yi a gidana. Ummi tun tana rarrafe gefen damana ne wajenta, kuma ita ake fara miƙa wa.

Da korona ta shigo, ni na rushe wannan da hannuna. Abin da nake gani a wajen aiki ya tsorata ni ba kaɗan ba. Na sayo faranti huɗu da kofi huɗu, kowa da kalarsa, na karɓi jan farcen matata na yi wa kowanne alama a gindi. Na tara su a falo kamar mai jawabi ga ƙasa, na karanto doka: ba mai taɓa farantin wani, ba mai shan kofin wani, wanda ya kuskura ya yi to zai iya kwantar da ɗan'uwansa a asibiti. Ummi ba ta cika shekara bakwai ba a lokacin, ta zuba min ido tana gyaɗa kai. Daga nan na ƙaura ɗakin yara ni kaɗai, su suka koma wajen uwarsu, abincina ma a bakin ƙofa ake ajiye min.

Duk wannan tsantsenin bai hana cutar samuna ba. Motar asibiti ta zo da mutane cikin fararen kaya suka tafi da ni a gaban yaran. Kwana goma sha tara na yi, har da na'urar numfashi, kafin Allah ya tashi kafaɗata.

Sannu a hankali gari ya buɗe, makaranta ta dawo, aka ajiye takunkumi, mu ma muka dawo da tirenmu. Kowa ya dawo ban da Ummi. Farantinta da kofinta ita ke wanke su, ita ke ɓoye su a cikin kayanta. Za ta yi min sannu da zuwa, ta karɓi jakata, har ta kwanto a jikina muna kallo, amma in na yago nama na miƙa mata sai ta mai da hannayenta baya. Fiye da shekara biyu muna haka. Ni kuma abin da na ɗauka shi ne ƙyamata take yi, tana ganin hannun da ya wuni yana taɓa marasa lafiya. Ba na faɗa wa kowa, amma wallahi abin yana cina. 'Yarka ta cikinka ta ƙi karɓar abu daga hannunka, ba ƙaramin ciwo ba ne. Matata kullum cewa take in bar ta, za ta daina da kanta. Ni kuwa duk wanda ya san ni ya san haƙuri ba ya cikin abin da aka yi min yawa da shi.

Da gasar ta zo aka rufe makarantu, gari ya cika maƙil da baƙi. Da ƙyar na samu kwana biyar a wajen aiki. Wani abokin aikina ɗan ƙasar ya ce karafan ɗinsa na nan ajiye ba mai amfani da shi, shi ƙwallo ta ɗauke masa hankali, in zo in ɗauka har da babbar motar da ke jansa. Yana ba ni makulli yake ba ni haƙuri, wai ba kayan kirki a kicin ɗin, tukunya biyu ce, da 'yan kofunan shayi, da tire ɗaya babba irin wanda suke cin shinkafa a kai. Ina jin ya ce tire ɗaya, dabara ta faɗo min.

Ranar Litinin da safe, Ummi ta naɗe farantinta da kofinta a tawul ta sa a jakar makarantarta. Tana shiga wanka na lallaɓa na zare su, na ɗora kan firji, na tura can baya inda ko uwarta ba ta gani sai ta taka kujera. Ni da gemuna. Lissafina shi ne yunwa da iskar teku za su yi abin da magana ta kasa.

Muka kama hanyar arewa, motoci duk tutoci, kowa na busa ham. Tuƙin gaba bai ba ni wahala ba. Baya ne tashin hankali, in na juya sitiyari dama sai ɗakin ya nufi hagu. A garin Khor, inda muka tsaya sayen kifi wajen masu jirgi, sai da mutum uku suka taru suna ɗaga min hannu suna yalla yalla, wato maza-maza, matata ta rufe fuska da mayafi don kunya, yara kuma suna ƙyalƙyala dariya. Muka ƙarasa Zakhira muka kafa kusa da itatuwan nan da ke tsirowa a cikin ruwan gishiri. Yaran suka bazama bin ƙaguwa, ƙaramar tana ihu ita ce ke binsu kuma ita ce ke gudu.

Da azahar matata ta juye shinkafa da wake a tire, ga mai ga yaji, ga kifin da na gasa. Ummi ta buɗe jakarta. Ta zazzage littattafai, ta warware tawul, ta sake lalubawa. Ba ta tambayi kowa ba. Ba ta kalli uwarta ba, ni ta kalla. Ni kuma na duƙufa ina fifita gawayin da ya riga ya gama aikinsa.

Uwarta ta ɗauko murfin tukunya za ta zuba mata a kai, na ce a'a. Na ce khalas, in ji Larabawa, an gama wannan shirmen, korona ta wuce, dubban mutane ma na can filin wasa suna rungumar juna, ga tire, mai jin yunwa ya matso. Ummi ta koma kan matakalar karafan ta zauna da ledar biskit. Da magariba ma haka. Mu uku muka ci, abincin ba ya wucewa da daɗi. Da yara suka shiga ciki matata ta tambaye ni a hankali ko ni na ɗauke farantin. Na ce eh, kuma don amfanin yarinyar na yi. Ba ta yi min musu ba, cewa kawai ta yi to Allah ya sa haka. Na san wannan muryar, ba addu'a ba ce.

Ranar Talata muka tashi zuwa Fuwairit. Wajen yana da kyau, farin yashi da ruwa garai-garai, sai dai ni ban ga kyansa da wuri ba, don tayar karafan ɗaya ta nutse a yashi. Na yi kusan awa ina tona ina cusa katako, rana tana dukan ƙeyata, ga haushin yarinya tun jiya biskit kawai take ci. Da na samu ta fito, na zagayo maƙogwarona a bushe, na ga robar ruwa a kan matakala, rabi, a buɗe. Na ɗauka na kai baki.

Ban san daga ina ta ɓullo ba. Ji kawai na yi an doke hannuna, robar ta yi tsalle ta faɗa yashi.

"Abba kar ka sha! Na sa baki!"

Raina ya ɓaci iyakar ɓaci. Na daka mata tsawar da har mutanen da ke can nesa da mu suka waiwayo. Na ce wace irin yarinya ce wannan, ni ba zan taɓa abinta ba, ita ba za ta taɓa nawa ba, me na yi mata ne da take ƙyamata haka. Ta tsaya, ba ta gudu ba. Matata ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta bari sai da na numfasa.

"Abban Ummi, ka ji abin da ta ce kuwa? Ba ta ce ka sa baki ba. Cewa ta yi ita ta sa."

Nan na farga. Shekara biyu ina kallon abin ta baibai. Na ce wa Ummi ta zo mu taka, muka bi bakin ruwa ni da ita har muka yi nisa. Na zauna a kan wani dutse, na ce ta faɗa min, ba zan yi faɗa ba. Sai da na rantse mata sannan ta fara, tana magana tana tona yashi da yatsan ƙafa.

Ashe lokacin da nake killace a ɗakinsu, wata rana uwarta ta ajiye min abinci a bakin ƙofa ta koma kicin. Ummi ta ga nama a kai. An daɗe ban miƙa mata nama ba, ta ce a ranta ai da ina waje da na ba ta. Ta ɗauka ta gutsuri rabi, ta mai da rabin, ta kurɓi ruwan kofina, ta gudu. Kuma tana ɗan mura a ranar. Na buɗe ƙofa na ɗauka na cinye ban lura da komai ba. Bayan kwana uku na fara tari, aka zo aka tafi da ni. Ta ji uwarta tana kuka a waya tana ce wa mahaifiyata ba a san ta inda na ɗauko ba. Ita ta sani. Ai ni na faɗa da bakina a falo, wanda ya taɓa farantin wani zai kwantar da shi a asibiti.

Yarinyar da ba ta cika bakwai ba ta ɗauki wannan ita kaɗai, ta je makaranta da shi, ta yi salla da shi, ta yi barci da shi, har ta kai tara. Ni kuma ina gefe ina jin haushi wai an ƙi karɓar nama a hannuna. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba.

Na yi mata bayani irin na ma'aikacin asibiti. Na ce a wajen aiki na ɗauko, mu da yawa muka kamu a sashenmu a makon, kuma da aka ɗauke ni an gwada su duka uku ba wadda ke da ita. Ta saurara tsaf. Da na gama ta ce, "Amma Abba kwana uku ne fa aka yi."

Na gane magana ba za ta ciro wannan ba. Muka dawo, robar tana nan inda ta faɗi, da ɗan ruwa a gindinta da yashi a bakinta. Na ɗauka na shanye a gabanta, har yashin. Ta fashe da kuka tana dukan ƙirjina. Na riƙe ta na ce yau Talata, ta ƙirga kwana ukunta, Laraba, Alhamis, Juma'a, muna tare a ɗaki ɗaya ba inda zan je, ta sa ido ta gani da kanta. Sannan na shiga kicin na wanke murfin tukunyar da na hana jiya, na zuba mata taliya a kai da hannuna, da cokali ba da yatsa ba. Ta ci kamar ba gobe, yunwa ta kama ta sosai.

Daga nan na zama marar lafiya a hannun likita mai tsanani. A jakar magungunana akwai ma'aunin zafin jiki, ta ƙwace shi. Da asuba bayan salla za ta auna ni, da azahar ta auna, da la'asar ta auna, ta rubuta a bayan littafin lissafinta. Ranar Laraba a Ghariya ta hana ni shiga ruwa, wai akwai sanyi. Na zauna a kujera da rigar sanyi kamar tsohon da aka kawo jinya, ina kallon matata da ƙaramar suna gina gidan yashi. In na gyara murya sai in ga ta juyo.

Sai a lokacin na gane ramin da na haƙa wa kaina. Watan Disamba ne, iskar teku na kaɗawa, ni kuma mutum ne mai saurin mura. In na kuskura na yi zazzaɓi a cikin kwana ukun nan, ko na me ne, to an gama, ba mai sake fitar da wannan daga ranta. Ban taɓa roƙon Allah lafiya da gaske irin na kwanakin nan ba, har lokacin da nake kwance a asibiti.

Ranar Alhamis da yamma ina gasa kifi, na barbaɗa yajin da muka taho da shi daga gida, iska ta juya ta kwaso hayaƙin gaba ɗaya ta zuba min a fuska. Tari ya taso. Na danne, ido ya kawo ruwa, na ajiye mafici na zagaya bayan karafan da sauri, na cusa fuska a tawul ina tari ƙasa-ƙasa kamar ɓarawo. Ina ɗagowa na ga matata ta leƙo ta ƙaramar tagar kicin. Ta ce ran nan na ɓoye faranti, yau ina ɓoye tari, sai yaushe zan daina yi wa yarinyar nan dabara. Ta ce in Ummi ta kama ni a nan, me zan ce mata.

Gaskiya ta faɗa. Na koma wajen gawayin, na ci gaba da fifita, da tarin ya sake tasowa na sake shi a fili. Ummi ta saki bokitin da ke hannunta. Fuskarta ta koma irin ta ranar da motar asibiti ta zo, ban taɓa mantawa da ita ba. Na ce mata yaji ne, ta matso ta shaƙa ta ji. Ta matso a tsorace, hayaƙin ya bugi hancinta, ta turnuƙe da tari, ƙanwarta da ba a gayyata ba ita ma ta cusa kai ta kama atishawa. Duk da haka sai da ta ɗauko ma'aunin ta auna ni sau biyu, ta auna kanta, ta gwada lambobin.

Juma'a ta same mu a Ruwais, can ƙarshen ƙasar, inda titi ya ƙare sai jiragen masunta. Na je masallaci na dawo. Matata ta juye shinkafa a tire, ta ɗora babban kifi a tsakiya, muka shimfiɗa tabarma a inuwar karafan. Na yi wa kaina alkawari ko kallonta ba zan yi ba. Ummi ta fito da ma'auni ta auna ni, ta duba, ta rubuta. Ta koma ciki ta fito da murfinta a hannu. Ta tsaya da shi jim kaɗan. Sai ta juya ta rufe tukunyar da shi, ta wanko hannu, ta zo gefen damana. Ƙanwarta ce a wajen, ta ce mata matsa, nan wajena ne.

Muka fara ci. Tana ɗiba daga gefe-gefe a hankali. Da muka kusa ƙoshi na yago tsokar kifi, na zare ƙaya, na miƙa mata. Ta karɓa. Ta gutsuri rabi, ta dubi sauran, ta dube ni, ta miƙo min.

"Ungo, Abba."

Na karɓa na ci. Matata ta tashi wai za ta duba shayi, shayin da ba a ɗora ba.

Da yamma muka kamo hanyar Doha. Na mai da karafan, abokina ya tambaye ni ko tiren nasa ya ishe mu, na ce ya isa har ya yi yawa.

Yanzu idan na tuna, abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda na tara su a falo na kafa doka da babbar murya, amma ranar da ta daina aiki ban tara kowa na ce an ɗage ba. Mu manya mun ajiye ta kamar yadda muka ajiye takunkumi, na ɗauka yara ma haka suke yi. Kuma a shekara biyun nan ban taɓa zaunar da ita na tambaye ta dalili ba, na yanke hukunci ne kawai na riƙe haushina. Tun daga lokacin, in yaro ya kafe a kan wani abu da ba shi da kan gado a wajena, nakan fara tambaya kafin in fara dabara, ko da yake matata za ta ce muku ba kullum ba.

Farantin ya yi wata biyu a kan firji kafin wani ya tuna da shi. Yanzu yana baranda, a ƙarƙashin tukunyar na'a-na'ar matata, alamar jan farcen tana nan a gindinsa. Ummi ta girma, ta kusa kamo uwarta a tsawo, har ta fara gyara min Larabci. Amma har yau duk naman da na miƙa mata, rabi take gutsura ta dawo min da rabi. Ko na ƙoshi ba na cewa na ƙoshi.